AMSAR WASIƘUNKU: Ko Ya Kamata A Rubuta Wa Shuka Suna A Lambun Gida?

   

Yau wasiƙu biyu muka ɗauko. Daga wurare dabam-dabam suka fito, amma da muka karanta su sai muka ga ashe maganar guda ce.

Ta farko daga wani dattijo ne a ƙasar Dambatta ta jihar Kano, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce yana da ɗan lambu a bayan gida, da rijiya a ciki. Ɗansa da ke karatun aikin gona ya zo hutu, sai ya bi fangali-fangali yana kafa 'yan sanduna, kowace da rubutu a jiki. Tun daga ranar maƙwabta suka samu abin dariya. Wani ya ce ko tumatir ɗin ma an sa shi makarantar boko ne, wani kuma ya ja shi gefe yana tambaya ko laya ce ta maganin ɓarayi, a sammasa. Dattijon ya ce shekararsa arba'in yana lambu bai taɓa ɗaukar rama a matsayin yakuwa ba. To, ya bar sandunan nan ne, ko ya tuge su idan yaron ya koma makaranta?

Ta biyu kuwa wata uwargida ce daga Funtuwa ta jihar Katsina. Ita a tsakar gida take shuka, cikin tsofaffin bokitai da buhunan siminti. Bara ta yi tattasai da barkono kusa da juna, suka yi kyau, ta ɗebi iri ta ƙulle a ledoji. Bana ta shuka, har ta yi wa wata mai sayar da abinci alkawarin za ta riƙa kai mata tattasai. Da suka fara 'ya'ya sai ta ga kusan rabi barkono ne, sauran kuma ga su nan kamar tattasai amma da yaji. Mai abinci ta koma saye a kasuwa, wahalar wata uku ta ban ruwa ta tafi a banza. Tana tambaya ko kashin kajin da ta zuba ne ya jawo yajin.

To Baba, bari mu fara da kai. Gaskiyarka, amma rabi. Babu wanda zai ce ka rubuta wa zogale suna, ko ka rataya wa bishiyar lemun tsami allo. Abin da ido ke ganewa daga nesa ba ya bukatar rubutu, kuma in ɗanka ya kafa wa kabewa sanda don kawai a san kabewa ce, wannan kam ƙawa ce, kana iya tugewa ka hura wuta. Sai dai ina so ka koma ka karanta abin da ya rubuta tukuna. Ina kyautata zaton ba "tumatir" kaɗai ya rubuta ba. Za ka ga wasu haruffa da lambobi da kwanan wata, kuma nan ne amfanin yake. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Idonka zai gaya maka wannan tumatir ne, amma ba zai gaya maka wane iri ba ne, yaushe aka yafa shi, daga hannun wa ya fito.

A zamanin iyayenmu iri ɗaya ne ko biyu a gari, na gado, kowa ya san shi kamar yadda ya san 'ya'yansa. Yanzu kuwa je ka shagon mai sayar da iri ka gani. Ga Roma, ga UC82B, ga ɗan Siriya, ga kuma na fakiti da na gwangwani iri-iri daga ƙasashen waje. A wurin reno, suna da sati biyu, ko malamin gona ba zai rantse a kan wanne ne wanne ba. Alhali halinsu ba ɗaya ba ne. Shi UC82B, wanda aka samar a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, tauri gare shi, yana jure kwando da doguwar tafiya a mota, shi ya sa masu kai kaya Kudu ke son sa. Wani kuma ruwa gare shi, ya fi daɗin miya, amma kwana biyu ya lotse. In kuma ka ga an rubuta Roma VF, haruffan nan biyu ba ado ba ne, suna nufin irin yana jure wasu cututtuka biyu na cikin ƙasa masu sa tumatir ya yi yaushi ya mutu a tsaye. Saboda haka in za ka kwafi suna daga fakiti, kwafe shi duka har da haruffan.

Akwai wasu haruffan da nake so kowa ya riƙe, wato F1. Duk fakitin da ka ga F1 a jikinsa, iri ne da kamfani ya haɗa daga iyaye biyu. Shukar farko tana yin kyau ƙwarai. Amma in ka matse 'ya'yanta ka ajiye don baɗi, abin da zai fito ba zai zo daidai da uwar ba, wani dogo wani gajere, wani ya yi 'ya'ya wani ya yi ganye. Shi kuwa Roma da UC82B kana iya ajiye irinsu. To ka ga ke nan, mutumin da ya dasa fangali huɗu bai sa alama ba, ranar ɗibar iri zai je ne ga wanda ya fi kyau a ido, kuma sau da yawa wanda ya fi kyau a idon shi ne F1 ɗin, wanda bai kamata a ajiye ba. Baɗi ya zo yana cewa ƙasa ta gaji.

Haka abin yake ga wake, in an ba ka ɗan kaɗan ka gwada a bayan gida kafin ka kai gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya lamba take sa wa irin da ta fitar: na wake SAMPEA, na masara SAMMAZ, na gyaɗa SAMNUT, na dawa SAMSORG, sannan lamba ta biyo. A shekarar 2019 aka fitar da SAMPEA 20-T, wanda masana suka sarrafa ƙwayar halittarsa don ya jure tsutsar nan mai cin fure da huda kwanson wake. Daga SAMPEA 10 aka samo shi, a ido da wuya ka raba su, amma feshin da ɗaya ke bukata bai kai na ɗayan ba. Ko kana son sa ko ba ka so, ai sai ka san wanne ka shuka.

Yanzu mu zo kanki, Hajiya. Ki daina zargin kaji, ba ruwansu. Abubuwa biyu ne suka same ki a tare. Na farko, ƙwayar irin tattasai da ta barkono kusan kamarsu ɗaya, tsironsu ma haka. Leda biyu ba rubutu, bayan wata takwas a cikin kwalla, ai ko wace ce sai ta rikice. Wannan shi ya ba ki rabin barkonon. Na biyu kuma, tattasai da barkono 'yan gida ɗaya ne. In suna fure kusa da juna, ƙudan zuma da sauran ƙwari kan ɗauki garin furen wannan su kai wa wancan. A shekarar da abin ya faru ba za ki ji komai ba, tattasanki zai nuna da zaƙinsa. A cikin ƙwayar irin ne auren ya ɓuya, sai kin shuka baɗi zai fito, kuma yaji shi ke rinjaye. Don haka rubutu kaɗai ba zai warkar da wannan ba. In kina son ajiye iri mai tsabta, ki raba musu lokaci ko wuri, ko ki zaɓi gindi ɗaya mai kyau ki rufe reshensa da ƙyallen gidan sauro tun furen bai buɗe ba. Idan ya ƙulla 'ya'ya ki cire, ki ɗaura wa reshen zare mai launi. Daga nan kaɗai za ki ɗebi iri. Zaren nan shi ma ai alama ce, ko da ba harafi ko ɗaya. Bana kam ki sayi sabon iri, na hannunki ya riga ya gauraya. Tattasan mai yaji kuwa kada ki zubar, ki shanya ki daka, akwai masu nemansa.

Mu koma kan kwanan wata, domin a ganina ya ma fi sunan muhimmanci. Tumatir kan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10. Attaruhu kuwa sarkin nawa ne, musamman da sanyi, yana iya kai sati biyu zuwa uku bai leƙo ba. Mutum nawa ne suka ɗauka iri ya mutu, suka kafce wurin suka yafa wani, alhali saura kwana uku ya fito? Sannan dashe. Tumatir ana so a cire shi daga wurin reno yana da kamar sati 3 zuwa 4, tattasai da attaruhu wajen sati 6, albasa sati 6 zuwa 8. In ya wuce lokaci sai ya yi dogon wuya, ya tsufa a reno, ka dasa ya daɗe yana jinya. Kowa na cewa zai tuna. Tambayi mutum yaushe ya yafa, sai ya ce ai bayan sunan gidan wane ne, ko kafin kasuwar da ta wuce. Wace kasuwar? Ɗan Adam ajizi ne, ga hidimar gida, ga ta gona, ga ta biki.

Haka nan ƙullin irin da ke ɗaka, a rubuta masa shekara. Irin tumatir in ya bushe sosai yana ɗaukar shekara uku ko fiye. Irin albasa kuwa ba ya jimiri, ko da jar albasar Galmi ce ta Jamhuriyar Nijar da ake ji da ita, in ya haura shekara guda a ɗakin zafi tsironsa raguwa yake yi sosai. Ƙulli biyu, na bana da na bara waccan, kamarsu ɗaya a hannu.

Akwai wata alama da ba na so a yi wasa da ita ko kaɗan, wato ta feshi. Tun shekarar 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa, har kwando ya gagari talaka, mutane suka ƙara ƙaimi wajen feshi, har a lambun bayan gida. Kowane maganin ƙwari na kirki an rubuta a jikin kwalbarsa kwanakin da za a jira kafin a ci abin da aka fesa wa. Wani kwana 3 ne, wani 7, wani 14 ko fiye. To lambun gida ba kamar gonar daji ba ne. Maigida ya yi feshi da asuba ya tafi kasuwa, da hantsi uwargida ta aiki yarinya ta tsinko alayyafo da tumatir na miyar rana. Ba wanda ya yi mugunta, amma guba ta shiga tukunya. Baba, ko da za ka tuge duk sandunan ɗanka, ka bar guda ɗaya don wannan. Ka ɗaura mata jan ƙyalle, ka tara iyalinka ka gaya musu duk fangalin da suka ga jan ƙyalle ba a taɓa shi sai ka cire da hannunka. In da mai rubutu, a rubuta ranar da aka fesa da ranar da za a fara tsinka.

Sai itatuwa. A nan mantuwa ta fi tsada, domin ba wata uku ake jira ba, shekaru ne. Ka sayi dashen mangwaro mai aure guda biyar, an ce maka wannan Binta Suga, wannan Fita, wannan Juli, wannan Paparanda. Sai bayan shekara uku ko huɗu za su fara 'ya'ya. In ɗaya ya fito ba abin da aka ce ba, wanne ne, daga wurin wa? In kuma wani ya yi daɗi har maƙwabta suna roƙon reshe su yi aure da shi, wane suna za ka ba su? Shawarata ga mai saye ita ce ya nemi wurin da zai iya komawa, kamar tashar cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda a jihar Kano, ko wani mai reno da aka sani a gari, ya kuma sa a rubuta masa sunan tun a can, kafin a jera su a bayan mota su cakuɗe. Ku kuma masu sayar da dashe a kasuwa, wannan kasuwarku ce. Wanda ya sayi tattasai ya samu tattasai, baɗi da maƙwabcinsa zai dawo.

Dabino ya fi kowa bukatar wannan. Akwai namiji akwai mace, macen ce ke 'ya'ya, kuma namiji ɗaya ya ishi mata da yawa. In ƙwallo ka shuka, kusan rabi maza za su fito, ba kuma za ka gane ba sai sun yi fure bayan shekaru. In kuwa ɗan da ya fito a gindin uwa aka ciro maka, to jinsin uwar ya ɗauko da irin 'ya'yanta. Shi ya sa masu zuwa tashar binciken dabino ta Dutse a jihar Jigawa, ko masu karɓa daga hannun abokai, ya kamata su sa alama ranar da aka ciro, mace ko namiji, daga wace uwa.

Amma a yi hattara wajen ratayawa. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Na ɗaure wa wani dashen lemo alama da waya, na matse don kada iska ta ɗauke, na manta. Bayan damina biyu itacen ya yi kauri, wayar ta nutse cikin ɓawo, daga wurin zuwa sama ya fara rawaya. Ta cikin ɓawon nan ne abincin da ganye ya sarrafa ke sauka zuwa saiwa, in ka shaƙe shi ka shaƙe itacen. A yi madauki mai faɗi a rataya a reshe, a riƙa sassautawa duk shekara. Ko a kafa a ƙasa ɗan nesa da gindi. In itacen kusa da katanga yake, rubuta a jikin katangar da fenti, ka huta.

Da me za a yi alamar? Kada kowa ya kashe kuɗi. Takarda ba ta kwana biyu, in ruwa bai ci ba akuya ta ci. Karan dawa da katako abincin gara ne, sun isa wurin reno na sati shida amma ban da itace. Alƙalamin maka da mutane ke so, wanda ake cewa ba ya gogewa, ranarmu ta nan tana cinye shi cikin 'yan watanni, ka zo ka tarar da farar roba fes. Abin mamaki, fensir na 'yan makaranta ya fi shi daɗewa, domin rana ba ta kashe shi. Sami tsohuwar farar jarka, ka yanka ta tsinke-tsinke kamar faɗin yatsu biyu, ka goge fuskar da yashi ta yi kaushi, ka rubuta da fensir. Amma ban da jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari. Na itace kuma, yanka gwangwanin lemo mai laushin nan da almakashi, ka shimfiɗa a kan kwali, ka danna rubutu da tsohon biro. Ba tawada ake so ba, shatin ake so, kuma shi ba ya gogewa. Ka lanƙwashe bakinsa don kada ya yanki yara. Dutse ko tsingaro da ɗan ragowar fenti shi ma ya yi.

Wani zai ce shi bai yi boko ba. Wa ya ce sai da boko? Rubuta da ajami, shuka ba ta tambaya. In ba ka rubutu sam, yi tsaga a jikin sanda, ɗaya na wannan iri, biyu na wancan, ko ƙyalle mai launi dabam-dabam, ka sa jika ya rubuta maka ma'anarsu a littafi.

Littafin nan kuwa kada a raina shi. Yara na tuge alama su yi wasa, kaji na tonawa, wani yaron ma don kirki zai tsince su ya mayar, amma kowace a inda ba nata ba, wanda ya fi ɓata muni. Littafin rubutu na 'yan firamare guda ɗaya ya isa. A zana lambun, ga rijiya, ga ƙofa, ga fangali na ɗaya, na biyu. A rubuta abin da ke cikin kowane. Fakitin da irin ya zo a ciki kada a soke shi a sanda a bar wa rana, a ninke a sa a littafin. A jikinsa akwai sunan kamfani da lambar kaya, wani kuma da takardar shaidar hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa. Ranar da iri ya ƙi tsirowa, ko ya fito ba shi ba, da wannan za ka je wurin mai shago ko malamin gona. In da baki kawai ka je, musu za a yi.

Littafin zai kuma magance wani tsoro da na san yana ran wasu, ko da Baba bai faɗa ba. Wato ka rubuta wa mangwaron da ya fi daɗi suna, ka nuna wa ɓarawo hanya. Ko wanda ya sha wahala ya samo wani iri mai kyau, ba ya so abokin gasa ya leƙo ta katanga ya karanta. Wannan ba laifi ba ne. Sa lamba kawai a lambu, 1, 2, 3, sunan yana littafi a ƙarƙashin matashi. Sai dai ka nuna wa mutum ɗaya a gidan inda yake, domin tafiya ko rashin lafiya ba sa sallama.

Game da maƙwabcin nan mai neman laya kuwa, Baba, ka ce masa ya kawo tsohuwar jarka da fensir, ɗanka zai rubuta masa tasa kafin hutu ya ƙare.

Lokaci ya cim mana. Akwai wasiƙar wani mai sauraro daga Gashuwa kan ruɓewar albasa a rumbu, ita za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Masu aiko da tambaya kan wata cuta ko ƙwaro, don Allah a riƙa faɗin sunan irin da ranar da aka shuka, zai sauƙaƙa mana amsa.